Gawon Magarya da Dungas a Ma'aunin Dokokin Sauyin Yanayi

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Damagaram ta gangara Magarya a watan Maris, lokacin da komai ya bushe, zai ga abin da ya saɓa wa hoton da duniya ta saba yi wa ƙasar Nijar. Gonaki fayau, ba kara ba ciyawa, amma a cikinsu ga itatuwan gawo birjik, kore shar, awaki a ƙarƙashi suna tsintar 'ya'yan da iska ta kaɗo. In ya sake biyowa a watan Agusta sai ya tarar da akasin haka. Hatsi ya rufe mutum, gawon kuwa ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Wannan hali nasa ne ya sa manomi yake son sa. Ba ya tare wa shuka rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani kuma sun bar kashinsu a wurin. Ko yaro ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta tsakiyar fili.

Yawancin waɗannan itatuwa ba su haura shekara 40 ba, kuma ba wanda ya dasa su. Wani bincike da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kiyasta cewa a yankin Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, manoma sun raya itatuwa a gonakin da faɗinsu ya kai kusan hekta miliyan 1. A lokacin Dungas tana cikin gundumar Magarya, sai a 2011 aka ba ta tata gundumar. Daga baya Chris Reij da Gray Tappan, da suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, suka sa lissafin kudancin Maraɗi da Damagaram gaba ɗaya a kan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Kiyasi ne, ana iya ja da su a kan adadin, amma ba a ja da su a kan cewa abin ya faru. Ya kuma faru ne inda mutane suka fi cunkushewa, domin ƙidayar 2012 ta ba Magarya da Dungas mutum fiye da dubu 900 a haɗe.

Abin da nake so in auna shi ne matsayin wannan aiki a gaban doka. Dokokin ƙasa da ƙasa a kan sauyin yanayi sun shafe shekara 30 da ɗoriya suna neman hanyar da za a janye hayaƙi daga sama, a kuma taimaki talakawa su jure wa fari. Ga mutanen da suka yi duka biyun da gatari da lauje. Me dokar ta ce da su?

Dole a fara daga gida, domin kafin manomin Dungas ya ji sunan wata yarjejeniya, ya daɗe da sanin doka a kan itace. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram, musamman Sarki Tanimu a ƙarni na 19, sun hana sare gawo, kuma hukuncin mai sarewa ba na wasa ba ne. Da Faransawa suka zo, dokarsu ta 4 ga Yuli 1935 ta tsara dazuzzukan yammacin Afirka da ke hannunsu, ta ware wasu itatuwa ta ce ba a taɓa su sai da izini. Dokar daji ta Nijar ta Maris 1974 ta gaji wannan tunani, gawo kuma yana cikin jerin itatuwan da ta kare. Manufar mai kyau ce, amma duba yadda ta sauka a gona. Gawon da ya tsiro a gonarka ba naka ba ne. In ka datse reshe don ka gyara danga ko ka ba tunkiya, ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. Itacen da ba ka da ikon morarsa, amma yana iya jawo maka asarar jaka biyar, ba dukiya ba ne, rigima ce. Saboda haka mutane suka riƙa cire shi tun yana ɗan tsiro, kafin ya kai girman da za a gan shi daga bakin hanya. Malaman gona na lokacin kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas.

Sai fari ya zo, na farkon shekarun 1970, sannan na 1984 wanda mutanen Nijar suke kira 'Yar Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ga mutumin Magarya ko Dungas, wanda kasuwarsa da ci-raninsa da rabin danginsa suke Ɓaɓura da Maigatari da Kano, rufe iyaka a shekarar yunwa toshe maƙogwaro ne. Bayanin da masana suka fi yarda da shi a lokacin shi ne cewa mutanen Sahel ne suka jawo wa kansu. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo hasashen cewa idan kiwo ya cinye ciyayi, ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, ruwa ya ragu. Aka ɗora laifi a kan akuya da gatari. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna shi ne babban abin da ya juya damunar Sahel. Wasu binciken kuma suka danganta wani kaso na farin da ƙurar farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka riƙa fitarwa, wadda ta sanyaya arewacin tekun Atilantika ta tura ruwan sama kudu. Wannan batu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi. An shekara da shekaru ana cin talaka tara a kan musibar da tushenta yake wata nahiya, kuma har yau ba wanda ya ce masa a yi haƙuri.

Amsar gwamnati a lokacin ita ce dashe. Taron Maraɗi na Mayu 1984, a zamanin Seyni Kountché, ya sa yaƙi da hamada a gaba, aka buɗe gandunan renon itatuwa, aka dasa miliyoyi. Da yawa ba su ga damina ta biyu ba. Abin da ya kama ƙasa wani abu ne daban. A lokacin sassabe, kafin ruwan farko, manomi yana bin gonarsa yana duba kututturan da suka yi toho. Maimakon ya sare su duka ya ƙone kamar da, sai ya tsuguna ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya share ƙananan rassan ƙasa. Wani yakan ɗaura tsumma a jiki don yara da masu kiwo su san da mai shi. Saiwar ta riga ta yi zurfi shekara da shekaru, ba ta bukatar ban ruwa. Gawo kuma yakan tsiro daga irin da ke cikin kashin dabbobi, aikin mai gona kawai ya kauce masa da hauya. A Maraɗi, inda Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara yaɗa dabarar a 1983, ana ce mata sassabin zamani. A kudancin Damagaram kuwa ba wani babban shiri da ya ɗauki nauyinta. Gonaki sun ƙanƙance, an daina barin saura ta huta, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu, iskar farkon damina tana binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Gawo ya amsa waɗannan matsaloli gaba ɗaya.

Akwai kuma dalili na siyasa wanda ba a cika son faɗa ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 baitulmalin Nijar ya yi rauni, hannun hukuma ya sassauta a karkara, taron ƙasa na 1991 kuma ya sa mutane suka fara ɗaga murya. Manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa tun doka ba ta ce haka ba. Doka ce ta biyo sawu: tsarin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993, dokar daji ta Yuni 2004, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta tsara wannan aiki da sunansa, ta kuma amince da haƙƙin mai gona a kan itatuwan da ya raya. Tsakanin fara aikin da samun wannan amincewa an yi kimanin shekara 35. Masu cewa dawowar ruwan sama ne ya kawo koren suna da rabin gaskiya, domin damuna ta ɗan gyaru bayan 1990. Amma hotunan Tappan na bakin iyaka sun nuna gonakin ɓangaren Nijar sun fi na ɓangaren Najeriya itatuwa, alhali ƙasa ɗaya ce, hadari ɗaya, mutane ɗaya.

Yanzu a ɗora dokokin duniya a kan wannan tarihi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi an sa mata hannu a Riyo a 1992, Nijar ta amince da ita a 1995. A lokacin gawon farko na sabon zubi ya riga ya fi mutum tsawo a gonakin Bande da Waca. Ginshiƙin yarjejeniyar, a sashe na 3, shi ne cewa alhakin na kowa ne amma nauyin ba ɗaya ba. Adalcin wannan a fili yake: ɗan Nijar yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya na iskar kabon a shekara, Ba'amurke kuwa ya haura tan 14. Matsalar ta fito ne lokacin da aka zo mayar da ƙa'ida kuɗi.

Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, a sashe na 12, ta buɗe kasuwa: ƙasa mai masana'antu tana iya biyan kuɗin wani aiki a ƙasa matalauciya, a rubuta mata hayaƙin da aikin ya rage. Amma an gindaya sharaɗi, wanda zan kira sharaɗin ƙari. Sai an tabbatar cewa ba don kuɗin ba, da aikin bai yiwu ba. Hikimar sharaɗin ba ɓoyayya ba ce. In aka sayar wa masana'anta takardar rage hayaƙin da ko ba ita za a rage, to ta sami lasisin ƙara gurɓata sama a banza. Ban ga laifin masu tsara shi ba ta wannan fuska. Sai dai a duba wanda ya faɗa ramin. Manomin da ya raya gawo 40 a gonarsa tun 1988, ba da sisin kowa ba, ya riga ya nuna da hannunsa cewa aikin yana yiwuwa ba tare da tallafi ba, don haka ba shi da abin sayarwa. Wanda ya bar gonarsa fako har wani shiri ya zo da mota da takardu, shi ne aikinsa yake ƙari. Doka ta saka wa mai jira, ta wuce wanda ya riga ta.

Ba nan kaɗai aka tsaya ba. Ƙa'idojin da aka fara tsarawa a Marakesh a 2001 sun yi maganar daji ne, suka ce sai inuwar itatuwa ta rufe aƙalla kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na fili, gwargwadon abin da kowace ƙasa ta zaɓa, kuma abin da aka yarda a biya a ƙasashe masu tasowa shi ne kafa sabon daji ko mayar da wanda ya ɓace. Gonar hatsi mai itatuwa jefi-jefi ba daji ba ce, mai ita ma ba ya so ta zama daji, abinci yake nema. Ga tsadar awo da tantancewa, wadda ba ta daidaita da gonar hekta ɗaya ko biyu. Ga kuma kasuwar Tarayyar Turai, wadda a lokacin ta fi kowace girma, ta ƙi karɓar takardun da suka fito daga itatuwa. Inda dabarar ta sami shiga shi ne Humbo a Habasha, inda aka yi wa fili guda na kimanin hekta 2,700 rajista a 2009 tare da World Vision da Bankin Duniya. Wato dabarar da ta yi suna a Nijar ta ci kasuwa a tsaunin Habasha, domin can an killace wuri ɗaya mai iyaka da shugabanci da takarda, irin abin da dokar take iya gani. Sashe na 6 na yarjejeniyar Faris ta 2015, wanda aka kammala ƙa'idojinsa a Baku a 2024, ya riƙe sharaɗin ƙari.

Abin lura shi ne dokar tana ganin itatuwan sarai idan lissafin ƙasa ake yi. A alkawarin da Nijar ta miƙa gabanin taron Faris na 2015, ta sa raya itatuwan gona a hekta miliyan 1.1 cikin manyan matakanta, ta kuma yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030 a ƙarƙashin shirin AFR100. Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 ta fara ne da mafarkin dasa layi guda daga Senegal zuwa Jibuti, da aka ga dashe ba ya kamawa sai aka karkata zuwa irin abin da manoman Nijar suka yi. Sashe na 7 na yarjejeniyar Faris ma ya ambaci ilimin gargajiya da na mutanen wuri. Ana kafa hujja da gawon Magarya a manyan zauruka, amma mai gawon ba ɓangare ba ne a kowace yarjejeniya. Dokar ƙasa da ƙasa tsakanin gwamnatoci take.

Maganar kuɗi ba ta bukatar dogon bayani. A Kofanhegan a 2009 an yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a cika ba sai 2022 bisa lissafin ƙungiyar OECD, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Baku aka ɗaga zuwa biliyan 300 kafin 2035. Hukumar yanayi ta yankin Sahel, ƙarƙashin jagorancin Nijar, ta amince a Yamai a Fabrairu 2019 da shirin da ya kusa dala biliyan 400. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Faris, ta dawo, ta sake sa hannun ficewa a Janairu 2025. Kuma duk abin da ya samu, ta babban birni yake biyowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da nasu, takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyaka har farkon 2024. Damina ba ta dakata ba.

Ta zo ma da ƙarfin da gawo ba ya iya tarewa. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi kimanin miliyan 1.5, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Masu binciken World Weather Attribution sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan shekara nauyi. Wannan shi ne fagen da ake kira asara da ɓarna, wato abin da ya wuce a jure masa. Sashe na 8 na yarjejeniyar Faris ya amince da shi, amma sakin layi na 51 na ƙudurin da ya raka ta ya ce wannan sashe ba hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba ne. An ba da da dama an karɓe da hagu. Asusun da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022 ya tashi a Dubai da alkawuran kusan dala miliyan 700, na duniya baki ɗaya.

Shi ya sa ra'ayin da Kotun Duniya ta bayar a Heg ranar 23 ga Yuli 2025 yake da nauyi. Ƙaramar ƙasar Banuwatu ce ta ja gaba har Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi fatawar a 2023. Alƙalan, baki ɗayansu, suka ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, ba a ƙarƙashin yarjejeniyoyi kaɗai ba har da dokar al'ada da ta hau kan kowa, kuma wanda ya saɓa yana iya fuskantar biyan diyya idan an tabbatar da alaƙa tsakanin laifinsa da ɓarnar. Ra'ayi ne, ba hukuncin da za a aiwatar gobe ba, kuma ƙasa ce kaɗai take tsayawa a gaban wannan kotu. Duk da haka ya mayar da magana daga sadaka zuwa haƙƙi, kuma ƙasa irin Nijar, mai tarihin fari da binciken kimiyya ya bi diddiginsa, tana da abin faɗa a wannan sabon fage.

Sai dai ina ganin kuskure ne a zauna jiran Heg. Darasin shekarun 1980 shi ne abin da ya motsa mutane ba kuɗi ba ne, tabbacin mallaka ne, kuma wannan tabbaci har yanzu bai kai ga kowa ba. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina ba ya barin itace ya girma, domin mai gona zai ɗauka yana neman kafa iko. Mace takan sami itacen girki kusa da gida yanzu, a Mirya ma mata suna samun kuɗi da ganyen kuka, amma kaɗan ne cikinsu suke da gonar kansu. Makiyayi da ya sauko bayan an saki gonaki yana ganin reshen gawo abincin dabba ne da Allah ya ajiye, kamar yadda kakanninsa suka gani, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar masa da 'yancin zirga-zirga. Mai gona yana ganin shekara goma na wahalarsa ne ake sassarewa da dare. Duka biyun suna da hujja, kuma hukumomin filaye da dokar 1993 ta kafa, daga gunduma har ƙauye, su ne wurin da ya kamata a sasanta su, in an ba su abin aiki.

Akwai kuma haɗarin da ke tafe da kasuwar kabon kanta. Idan wata rana an sassauta sharaɗin ƙari, kamfani ya zo ya sayi kabon ɗin da ke jikin gawon Dogo-Dogo ko Guci na shekara 30, to kwangilar za ta bukaci itacen ya tsaya yadda yake. Manomi kuwa yana raya gawo ne don ya more shi: ya datse reshe, ya sayar da itace a shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, ya sare tsoho ya bar sabo. Kwangilar da ta hana shi wannan ta dawo da ma'aikacin gandun daji ne da sabuwar riga, wannan karon yana kallo daga tauraron ɗan'adam. Duk tsarin biyan da zai dace da wannan yanki sai ya auna yawan itatuwan ƙauye gaba ɗaya maimakon ya ɗaure kowane itace, ya biya don a ci gaba da riƙe abin da ke tsaye, kuma a karanta wa mutane sharuɗɗan da Hausa a gaban mai gari kafin kowa ya dangwala yatsa. Haka ita ma dokar 2020, da Faransanci aka rubuta ta. Ya kamata gidajen rediyon karkara na Magarya da Dungas su riƙa karanta ta sashe-sashe a watan Afrilu, lokacin da mutane suke fita sassabe.